Kwalbar da Aka Miƙa wa Baba

Inna ta rasu bayan an gama kwashe waken suya daga gona, kuma har yau in na ga kwalba mai jan murfi sai gabana ya faɗi. Ina rubuta wannan ne domin duk wanda za a yi wa ɗan'uwansa aiki a asibiti, a cire wani abu daga jikinsa, a miƙo masa a kwalba. Kada ka taka ƙofar fita sai ka tambayi abin da ake so ka yi da ita. In ma'aikaciyar tana sauri, ka bi ta har ofishinta. Mu ba mu san a tambaya ba, su kuma ba su ga mun kai a tsaya a yi mana bayani ba, Inna ce ta kwana a ciki.

Sunana Rabi. Ɗinki nake yi a Malumfashi, inda nake aure. Iyayena suna wani ƙauye a ƙasar Kafur, Baba yana noman masara da dawa da waken suya, Inna tana kiwon awaki tana yin daddawa. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke 'yar nan" ne sunana a bakinta tun ina ƙarama har na haifi 'ya'ya uku.

Abin ya fara ne da ɗan ƙullutu a nononta na hagu, bai fi ƙwayar gurjiya ba. Ba ya ciwo, wannan kuwa shi ya fara yaudararmu. Inna ta ɓoye shi don kunya, sai da ya kai kamar ƙwan zabo sannan ta nuna wa Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba. Gwaggo Asabe mace ce da ba a taɓa kawo mata cutar da ba ta san sunanta ba. Ta latsa, ta kaɗa kai, ta ce ruwan nono ne ya daskare. Matar da ta yaye autanta tun ni ina budurwa! Aka yi ta gashi da tsumma da ruwan zafi, aka shafa man shanu da kanwa. Ƙullutun yana nan, ko gezau bai yi ba.

Lokacin ina da tsohon ciki. Da na haihu, Inna ba ta zo yi mini wankan jego ba, aka aiko mini da wata tsohuwa ta dangin mijina. A nan na san abin ya wuce yadda ake gaya mini a waya. Na matsa wa Baba, ya kai ta wani asibitin kuɗi a Funtuwa, ba zan kama suna ba. Aka ɗauki jini, aka ɗauki hoto, likita ya ce aiki ne ɗan ƙarami, a cire a huta. Aka yi aikin dab da saukar ruwan farko, ina can ɗaki ana zuba mini tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ba damar tafiya. Baba ya kira ni da yamma, muryarsa fes.

"An cire, Rabi. Na gan shi da idona. Innarku har ta sha kunu."

Na yi hamdala, na yi kukan murna, na raba ƙosai sadaka. Ban tambayi komai ba, don ban san akwai abin tambaya ba.

Damina ta kankama. Inna ta warware, har ta fita noman farko tana cirar ciyawar awaki, ana yi mata faɗa tana cewa zama ne ke sa mata ciwon baya. Wajen lokacin da masara ta fara fitar da gemu sai ta ji wani tauri a gefen tabon. Mako ya zagayo, taurin ya zama ƙullutu. Wani makon kuma sai ga ƙananan ƙulle-ƙulle a hammatarta. Da na je ƙauye na sa ta buɗe mini, na ga fatar wurin ta yi kauri ta yi huje-huje kamar ɓawon lemu, kan nonon ya shige ciki. Na rufe mata zane, na fita bayan ɗaki na tsaya a gindin gwaiba na yi kuka. Ban san abin da nake tsaye a kansa ba a lokacin.

Muka koma asibitin Funtuwa. Likitan da ya yi aikin ya bar wurin, wanda muka tarar ya duba, ya ce wannan ya fi ƙarfinsu, mu tafi babban asibitin koyarwa. Ko tambayarmu bai yi ba game da aikin farko.

Kafin mu tafi sai da aka yi zaman dangi, wanda ba wanda ya kira shi. Gwaggo Asabe ta canza magana kamar ba ita ce mai daskararren nono ba.

"Daji ne. Ni tun farko na san daji ne. Shi kuwa ba ya son ƙarfe. Ku kuka taɓa shi da wuƙa ya fusata. Yanzu kuma za ku kai ta a sake soka mata allura?"

Na ce, "Gwaggo, tun farkon da kika sani, me ya sa kika sa aka yi ta gashi?"

Baba ya daka mini tsawa, ya ce ba a yi wa manya haka. Amma maganar Gwaggo ta riga ta shiga kunnen Inna. Makonni muka ɓata a kan haka. Aka kawo rubutu, aka kawo turare, aka kawo wani baƙin mai daga kasuwar Danja wanda ya saɓule mata fata. Wanda ya fi kowa gaskiya a cikin masu kawo magani shi ne Tanko, abokin Baba daga unguwar Maguzawa ta bayan rafi. Ya kawo saiwoyi da damin gero, ya tsuguna a ƙofar zaure ya ce, "Wannan na rage zafi ne kawai. Abin nan ban san shi ba, ku kai ta inda aka san shi." Allah ya saka masa, maganarsa ce ta tayar da Baba.

Babban asibiti gari ne guda. Ka bi layi ka yanki kati, ka bi layi a nemo katin da ka yanka, ka bi layi a gaya maka likitocin wannan ciwon ba yau suke zama ba. Muka sauka a gidan wata 'yar ƙanwar mijina, ɗaki ɗaya, ni da Inna da jaririyata a ciki, Baba a masallacin unguwa. Baba ya sayar da masara tun tana sabuwa, lokacin da ba ta da daraja, yana kallo 'yan kasuwa suna loda wa mota abin da ya san zai ninka kafin bazara. 

Ranar da muka samu ganin likita, wani mai furfura ne da tarin ɗalibai a bayansa. Ya duba Inna, ya ga tabon aikin, ya miƙo hannu ba tare da ya ɗago kai ba.

"Ina sakamakon na farkon?"

Na ce, "Wane sakamako, likita? Na jini?"

"A'a. Abin da aka cire. Ina aka kai shi aka duba?"

Na juya na kalli Baba. Baba ya gyara zaman hularsa, ya ce cikin natsuwa, kamar mai ba da labarin aikin da ya yi daidai, "Ai na binne shi, likita."

 Wata ɗaliba ta rufe baki da hannu. Likitan ya ajiye alƙalaminsa, ya ce Baba ya gaya masa yadda aka yi. A nan na fara jin labarin.

Bayan aikin, Baba yana zaune a benci, wata ma'aikaciya ta fito ta miƙa masa kwalba mai jan murfi, da ɗan nama yana iyo a cikin wani ruwa. Ta ce, "Baba, ga abin da aka cire, sai a kai gwaji," ta wuce tana amsa waya. Shi ke nan bayanin. Ba ta ce ina ba, ba ta ce don me ba. Baba ya ce shi a saninsa an gama gwaji, an ɗauki jini, an ɗauki hoto, an gano cutar, an fitar da ita, ga ta a hannunsa. Wanda ya cire ƙaya daga ƙafa, gwajin me zai yi wa ƙayar? Abin da ya dame shi daban ne: naman matarsa ne a kwalba, ana so ya yi ta yawo da shi a mota. Da suka koma gida ya tari liman bayan la'asar, ya ce an cire wa iyalinsa wani abu daga jiki, yaya ake yi? Liman ya ce a binne, ɗan Adam yana da alfarma ko da yankinsa ne. Ban ga laifin liman ba, ya amsa tambayar da aka yi masa.

Baba ya buɗe kwalbar, warin ruwan ya sa shi hawaye, har ransa ya ɓaci da aka jiƙa naman mutum a irin wannan abu. Ya zubar, ya wanke naman da ruwa mai tsabta, ya naɗe a farin ƙyalle, ya haƙa rami a gindin gwaiba, bayan ɗakin Inna, inda aka binne mabiyiyarmu duka. Kwalbar kuwa mai kyau ce, ya wanke ta ya zuba irin kuɓewa.

Likitan bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Sai ya ce, "Baba, amsar tana cikin abin da ka binne." Ya rubuta a sake ɗibar nama da allura.

Da muka fito ban iya riƙe bakina ba. A tsakiyar mutane na ce, "Baba, ko ni ka kira ka tambaya mana!" Ya ce, "Da na kira ki, kin sani?" Ban sani ba. Wannan ya ƙara mini haushi, don na rasa wanda zan ɗora wa. Na so in koma Funtuwa in nemo ma'aikaciyar nan in tambaye ta ko kalma nawa ake biyanta a wata da take rowar su.

Inna ta yarda da allurar da ƙyar. Aka saka 'yan zararan nama guda-guda a wata ƙaramar kwalba, wannan karon ni na karɓa, na kai ɗakin gwajin nama da hannuna. Suka ce in dawo bayan mako biyu. Na dawo, suka ce tukuna. Na sake dawowa, suka ce injin yanka ya samu matsala. Na sake dawowa, suka ce likita ba ta sa hannu ba. Duk wannan jiran, hannun Inna na hagu ya fara kumbura, ba ta iya ɗaura zane da kanta.

Ana cikin haka Baba ya ce zai je gida ya duba girbin dawa. Da ya dawo sai ga shi da gwangwanin madara a cikin aljihun babbar riga, ya rufe bakin da leda. Ya je ya tone gindin gwaiba. Na ce, "Baba, don girman Allah, damina guda fa ya yi a ƙasa." Ya ce likita ya ce amsar tana ciki, shi kuwa ya san inda ya ajiye ta. Na yi magiya, na yi faɗa, ya ƙi ji. Haka ya biyo ni ɗakin gwaji, yana riƙe da gwangwanin da hannu biyu.

A ranar ne na fashe. Ma'aikacin da ke bakin taga ya sake ce mini tukuna, na ce ba inda za ni, uwata tana ruɓewa da ranta ana ce mini tukuna, wai me ake yi wa naman nan ne, dafa shi ake yi? Muryata ta cika wurin. Sai wata ƙofa ta buɗe, wata mace mai gilashi da farar riga ta leƙo. Ita ce likitar da ke duba nama, Dakta Maryam. Ta ce, "Kusan haka ne, 'yar'uwa. Ku shigo."

Baba ya ajiye mata gwangwanin a tebur. Ta buɗe. Ƙasa ce, da ruɓaɓɓen ƙyalle, da wani baƙin abu da ya manne da zaren. Na sunkuyar da kai don kunya, ina jiran dariya. Ba ta yi ba. Ta mayar da murfin a hankali, ta tura masa da hannu biyu.

"Baba, ka mayar da shi inda ka ɗauko. Ka kyauta masa. Amma ba abin da zan iya gani a ciki yanzu, bari in nuna maka dalili."

Madubin likitanta mai wurin leƙawa biyu ne, na koyar da ɗalibai. Ta zaunar da Baba a gefe ɗaya. Sai da ya cire hula, ya yi ta rufe ido ɗaya yana buɗe ɗaya, kafin ya ce ya ga haske. Ta ɗauko wani ɗan gilashi mai tsawon yatsa, da ɗan tabo mai ruwan hoda a tsakiya, ta saka.

Ta ce jikin mutum duka, fata da nama da jini, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu. Kowace tana da 'yar fatarta da ta kewaye ta, da ruwa a ciki, da cibiya a tsakiya inda umarnin aikinta yake. Suna ci, suna aiki, suna rabuwa biyu in ana bukatar sababbi, in an isa kuma su tsaya. In sun tsufa su mutu. Ta ce wannan na farkon naman nono ne mai lafiya, na wata mata daban.

Ni ma na leƙa. Ni mai ɗinki ce, abin da ya zo mini a rai atamfa ce mai kyan zane. Ƙananan zobba masu ruwan hoda, kowane zobe an jera masa ɗige-ɗige masu launin shunayya, duk girmansu ɗaya, kowace a wurinta. Ta ce ɗigen nan su ne cibiyoyin. Launin kuwa ba nasu ba ne, rini ne. Ƙwayoyin ba su da launi, sai an rina su da rini biyu, ɗaya ya kama cibiya, ɗaya ya kama sauran jiki.

Sannan ta amsa mini tambayata ta dafuwa. Ta ce da zarar nama ya rabu da jiki, ƙwayoyin nan sai su fara narkar da kansu, kafin kwana ɗaya zanen ya fara lalacewa. Ruwan nan mai wari da Baba ya zubar, fomalin sunansa, aikinsa ya tsayar da su cak yadda suke a lokacin da aka cire su. Daga nan a tsane ruwan jikin naman, a dasa shi cikin kaki irin na kyandir ya yi tauri, a sa a inji a yanka shi sirara, sirantar da ta fi ta ɓawon albasa nesa ba kusa ba, don haske ya iya ratsawa. A ɗora a gilashi, a rina, sannan ya iso gabanta. Kowane mataki da lokacinsa, in inji ɗaya ya tsaya duka sun tsaya. Ban daina jin haushin jiran ba, amma aƙalla na san abin da nake jira.

Baba ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ashe ruwan nan gadinsa yake yi."

Ta ce, "Gadinsa yake yi, Baba."

Sai ta canza gilashi. "Wannan na Inna ne. Yau da safe ya iso."

Ba sai an gaya mini ba. Babu zobe ko ɗaya. Ƙwayoyin sun cunkushe, sun hau kan juna, cibiyoyinsu manya, baƙaƙe-baƙaƙe, wata doguwa wata a murɗe. Ta nuna mana wata da aka kama tana tsakiyar rabuwa biyu, ga wata can, ga wata kuma. Ta ce waɗannan sun daina jin umarnin tsayawa, rabuwa kawai suke yi, suna kutsawa cikin naman da ba nasu ba. Wannan shi ne ciwon daji.

Baba ya daɗe idonsa a madubin. Ya ce, "Kamar ƙuduji a gonar dawa." Ƙuduji ciyawa ce mai jan fure da ke manne wa saiwar dawa tana tsotsewa, kafin ka gan ta a sama ta gama ɓarna a ƙasa.

Na tambaye ta maganar Gwaggo, ko wuƙa ce ta fusata shi. Ta ce a'a. Ta ce in aka kawo musu ƙullutu, sukan shafa wa gefensa tawada kafin su yanka, su duba ko miyagun ƙwayoyin sun kai bakin tawadar. In sun kai, an san an bar saura a jiki, sai a koma a ƙara cirewa, a fara magani nan take. Ba fusata ya yi ba, saura aka bari, kuma ba wanda ya sani don ba wanda ya duba.

Baba ya ce, "Likita, ki gaya mini gaskiya. Da na kawo, da ta warke?"

Maganarta ta zauna mini a kai har yau. "Warkewa ta Allah ce, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma da mun same shi yana ɗaki ɗaya. Yanzu ya zagaye gida."

Ya ɗauki gwangwaninsa, ya yi mata godiya, muka fita. 

Sauran labarin duk mai jinyar daji ya san shi. Aka ce sai an ƙara wani rini na daban a gano irin maganin da zai karɓe ta, wani jiran ke nan, wani kuɗin. Aka fara ƙarin ruwan magani duk bayan 'yan makonni. Gashinta ya zube, ta ce da ma kitso ya ishe ta. Amai, ciwon baki, ƙin abinci, sai kunun tsamiya take iya sha, shi ma cokali-cokali. Wani zuwan a ce jininta ya yi ƙasa, mu koma sai wani mako, mun biya mota a banza. Baba ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa, ya bar ɗayan shi kaɗai, wanda ba ya iya jan garma. Kekena na ɗinki ya yi ƙura, masu kayan salla suka kwashe atamfofinsu suka kai wani wuri. Mijina ya riƙe yara biyu ba tare da ya taɓa yi mini gori ba, wata ma'aikaciyar jinya kuma takan goya mini jaririya in ina riƙe da Inna tana amai. Ba zan manta da su ba. Gwaggo Asabe ma, in faɗi gaskiya, ita ta kula da awakin Inna duk tsawon lokacin, ko da yake ba ta fasa cewa ƙarfe ne ba.

Da ƙullutun ya ɗan ja baya aka ce za a cire nonon gaba ɗaya. Ranar aikin, aka fito da wani babban bokiti mai murfi. Baba ya miƙe tun kafin a kira shi. Ya leƙa ya tabbatar ruwan ya rufe naman, ya ɗauka da kansa, ya ƙi bari in taɓa, ya ratsa asibitin nan duka har ɗakin gwaji. Ya ce a kira masa Dakta Maryam.

"Likita, ga shi, ban zubar da ko ɗigo ba. Amma ina da roƙo. In kun gama dubawa, abin da ya rage, a ba ni in binne."

Ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, Baba. Kaɗan muke ɗiba. Sauran naka ne, ka sa hannu kawai."

Na jingina da bango, na ji kamar in kurma ihu. Ashe duka biyun suna yiwuwa. A duba, kuma a binne. Magana ce da ba ta fi shan ruwa ba, da wani a Funtuwa ya tsaya ya faɗe ta.

Inna ta samu sauƙi na 'yan watanni. Ta koma gida, ta ga an yi shuka, ta zauna a tabarma tana ba da umarnin yadda za a yi daddawa, tana cewa duk mun lalata mata sana'a. Sai tari ya fara, sai ciwon baya. Hoto ya nuna ya kai huhu. Likita mai furfura ya ce yanzu sai dai a rage mata zafi. Ita da kanta ta ce a mayar da ita ɗakinta.

Ana saura kwanaki kaɗan, ina shafa mata mai a ƙafa da hantsi, ta ce, "Rabi." Na waiga ina neman wadda take kira, don ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta ce, "Ki daina harare-hararen nan da kike yi wa babanki. Mutunta ni ya yi." Na ce to. Ban yi alkawarin daina jin haushin sauran ba, kuma ban daina ba.

Bayan addu'ar bakwai, mutane sun watse, na tarar da Baba a gindin gwaiba yana zaune a kan turmi. Ya ce in zo.

"Ɗan gilashin nan da muka leƙa, yana wurinsu har yanzu?"

Na ce yana nan, da ɗan guntun da ke cikin kaki. Dakta Maryam ta ce sukan ajiye shekaru, wani lokaci su koyar da ɗalibai da shi. Na san halin Baba, saboda haka na ce in yana so, zan je in roƙa a ba mu, a haɗa da sauran.

Ya kalli ƙasar da ya tona ya mayar har sau uku. Wannan mutumin da bai iya kwana biyu da naman matarsa a kwalba ba.

"A'a," ya ce. "A bar ta can. Ɗaliban nan su leƙa su gane ciwon nan da kyau. In an kawo musu matar wani, su gan shi tun yana ɗaki ɗaya."

Ya tashi, ya ɗauki igiya, ya tafi ba sansa ɗaya ruwa.